Rantsuwar Da Ya Yi A Ƙofar Masaƙa

Anti Kubura, ki taimake ni kafin in yi abin da za a daɗe ana ba da labari a Daura.

"Idan aka yi ƙaramar Sallah ba a buɗe masaƙar ba, zan karɓi rumfar." Maganar maigidana ke nan, a gaban 'ya'yanmu. An yi Sallah, ga layya ta ƙarato, yana nan a zaure da rediyo a kunne.

Makanikin injin saƙa ne a Kaduna tun kafin mu yi aure. Da aka rufe masaƙar muka dawo gida, na koma koyarwa a firamare. Yayana Maliki yana da rumfa a kasuwa, ya ce maigidana ya zo ya riƙa gyaran keken ɗinki da injin markaɗe. Yanzu Yaya ya ce wani na nema, bayan layya zai ba shi.

Sai kwanan nan na san dalili. Ashe ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar masaƙar, shi da abokan aikinsa suka rantse da Allah ba za su kama wata sana'a ba sai an mayar da su. Rabinsu yau acaɓa suke yi. Shi kaɗai ke gadin rantsuwar. Teloli kuwa har gida suke kawo masa keke, ya gyara kyauta, wai ai wannan ba sana'a ba ce.

Ina karanta jarida, Anti. Na haddace alkawuran farfaɗo da masana'antu kamar karatun allo. Ba wuta, ba auduga, atamfar waje kuma tana shigowa ta kan iyakar nan tamu da rana tsaka. Wa zai buɗe masa?

Na yanke hukunci. Washegarin babbar Sallah zan ɗauki akwatin kayan aikinsa a ka, in kai rumfar, in zauna in riƙa karɓar kekuna da sunansa.

Malama Mai Jira, Daura

AMSA

Malama, ki ajiye akwatin tukuna. Fushinki a kan hanya yake, amma idan kika ratsa kasuwa da shi a ka, rumfar za ta zama wurin da aka kunyata shi, ba zai taɓa shiga ba.

Mijinki ba malalaci ba ne, tsoron Allah ne ya ɗaure shi, kuma addini bai bar shi babu mafita ba. Wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya kama alherin. Ciyar da iyali na gaba da zaman jira. Kada ya ji wannan daga bakinki. Ki sa yayanki ya raka shi wurin malamin da yake jin maganarsa, a wannan makon.

Ki kuma gaya masa shiga rumfa ba janyewa daga fafutuka ba ce. Ya ci gaba da zuwa taron ƙungiyarsu ta ma'aikatan masaƙa, su matsa wa gwamnati a kan wuta da auduga da fasa-ƙwauri. Idan an buɗe masaƙar, za a same shi da hannunsa bai mutu ba.

Ke kuwa ki dafa abincin miskinai goma na kaffarar da kanki. Allah ya sa albarka a rumfar.

Anti Kubura