Mijina ya tona asirin gudun kuregena

Assalamu alaikum Goggo. Don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Yau kwana tara ke nan maganata da maigidana ba ta wuce ina kwana ba, kuma duk wanda na kai wa kukana dariya yake fara yi. In ke ma dariyar za ki yi, ki yi ki gama, sannan ki karanta.

Shekarata talatin da ɗaya. Ina aiki a shagon buga takardu, ni ce mai ɗinke littattafai da yanke musu gefe. Shi kuma gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Shekararmu shida da aure, 'yarmu ɗaya, kuma ban taɓa kai ƙararsa ko'ina ba.

Akwai wani gem na karawar dodanni da nake bugawa a waya tun ina gidanmu. Kowa yana kiwon dabbobinsa, ya shigo fili da guda shida. Akwai na wuta, na ruwa, na ganye da sauransu. Wuta tana cinye ganye, ganye yana shanye ruwa, ruwa yana kashe wuta. Bugu ɗaya-ɗaya ake yi, kuma dabbar da ta fi gudu ita ke fara bugu. Kowace dabba ana ba ka maki ƙidayayyu ka raba mata tsakanin ƙarfi da juriya da gudu, abokin karawarka kuma ba ya ganin yadda ka raba. Sirrin wasan gaba ɗaya a nan yake.

Tawa dabbar wani ɗan kurege ne na ganye. Ba mai ɗaukarsa zuwa gasa, don bugu ɗaya ake masa ya kife. A ƙungiyarmu ta masu wasa mun haura arba'in, mata uku ne kacal, kuma tun ranar da na fara fitowa da shi aka raɗa min Mai Ciyawa. Wanda ya raɗa sunan shi ne zakaranmu, wani mai shagon wayoyi da ake ce wa Gobara, saboda bijimin wutarsa da ya ƙone kowa shekara uku a jere.

Wata huɗu na yi ina nazarin bijimin nan, Goggo. Duk karawar da Gobara ya yi sai na kalla, ina rubuta wa ya riga wa bugu a bayan takardun da injin ya ɓata. Lokacin hutun rana abokan aikina suna hira, ni ina tsugune gefen injin yanka da biro a hannu. A haka na gano gudun bijimin bai wuce ɗari da tamanin da shida ba, don Gobara ya zuba sauran makin a ƙarfi. Sai na kwashe makin kuregena kaf na juye a gudu, ya kai maƙurarsa, ɗari da tamanin da bakwai. Ɗaya tal ya fi shi da shi. In ya riga shi bugu zai ɗaure masa ƙafafu da saiwa, bijimi ya rasa bugu biyu, ni kuma in janye kurege in saki dorinata ta ruwa ta gama aiki. Duk karawar gwajin da muka yi ban taɓa nuna wannan ba. Na bari ana cinye ni ana shewa, ina haɗiyewa.

Mutum ɗaya na faɗa wa a duniya, maigidana. Shi ma don ya kama ni ina murmushi ni kaɗai a wajen wanke-wanke, ya nace sai ya ji. Na ce masa amana ce. Ya ce ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba mai ji.

Ranar Asabar aka yi gasar, a wani ɗakin taro da ke saman kanti, aka kafa babban allo kowa yana kallo. Wanda ya ci shi ke da gurbi a babbar gasar shekara. Na doke mutum biyar na kai zagayen ƙarshe, ni da Gobara. Ya saki bijimi, na saki kurege, ɗaki ya kaure da dariya. Na danna ɗaurin saiwa. Sai ga bijimi ya fara bugu. Kuregena ko motsi bai yi ba ya zama toka. Daga nan lissafina ya warware, cikin minti shida ya share ni.

Da a nan abin ya tsaya da na ce rabo ne. Amma da aka miƙa masa abin magana sai ya ce, kowa yana ji, a taya shi gode wa mijin Mai Ciyawa, don shi ya ba shi lamba, shi kuma ya rage ƙarfin bijiminsa ya ƙara masa gudu. Na waiwaya. Maigidana yana tsaye can baya da 'yarmu a kafaɗa, ya ƙura wa takalminsa ido.

A hanyar gida ya yi min bayani. Kwana biyar kafin gasa an kira shi gyaran na'urar shagon Gobara. Yana kan tsani suka taso shi da ba'a, wai ya saya wa matarsa akuya tunda ciyawa take so, wai mace iyakarta wasan jera alewa. Ransa ya ɓaci, ya sauko ya ce musu su jira Asabar, kuregen matarsa ya fi bijimin gudu da maki ɗaya. Wai kare ni yake yi.

To na ji. Amma kwana biyar fa! Kwana biyar yana cin girkina, yana kallona ina gwaji, har da ce min Allah ya ba da sa'a. Da ya buɗe baki ko da safiyar ranar ce, minti goma ya ishe ni in sauya tsari. Da na tambaye shi, sai ya ce ya ɗauka Gobara bai riƙe maganar ba, kuma tsoron fushina ya ji. Sannan ya rufe da cewa, ai wasa ne. Wasa! Mutumin da in ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi gidan nan sai ya yi tsit kwana biyu, har yarinya sai ta yi tafiya a hankali. Ban taɓa ce masa wasa ne ba.

Ga inda na yi tawa ɓarnar, ba zan ɓoye miki ba. Mun iso gida muka tarar da mahaifiyarsa ta kawo ziyara. Ta ga fuskata ta tambayi lafiya, sai ya riga ni da 'yar dariya, wai an cinye ni ne a gem. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce mata kwando ta haifa, ba abin da ake zuba masa ya zauna. Baiwar Allah ta ɗauki jakarta ta fita, ruwan da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba. Har yau ba ta ɗaga kirana.

Yayata ta ce in je in durƙusa wa kowa, in goge gem ɗin, wai uwar 'ya guda da wasan waya. Shi kuma shekaranjiya ya sayo min koren gidan waya, irin na roba da ake saka wayar hannu a ciki, ya ajiye min a kan matashi. Na mayar masa cikin akwatin kayan aikinsa. Ba wanda ya ce ya yi laifi, ko mutum ɗaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne akwai maganganun gidanmu da na faɗa masa waɗanda ko yayata ba ta sani ba. Wanda ya kasa riƙe lamba ɗaya, su fa? A kan wane tsani zai zubar da su?

Nan da mako uku za a sake karawa a kan gurbi ɗaya da ya rage, kuma yanzu kowa ya san sirrina. In haƙura da wasan ne? In tafi gidan yayata in huce? Zuciyata tafasa take, ki faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Taki,
Mai Ciyawa

Wa alaikis salam 'yata. Ban yi dariya ba. Aikin wata huɗu aiki ne, ko a waya aka yi shi ko a gona, kuma wanda aka ci amanarsa a gaban jama'a yana da ikon yin fushi. Ba ki yi fushi da Gobara kamar yadda kika yi da mijinki ba, wannan ma ba abin mamaki ba ne, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Sai dai kin dunƙule laifin mijinki wuri ɗaya, alhali nauyinsa ba ɗaya ba ne. Suɓutar bakin da ya yi a shago wauta ce, amma wautar mutumin da ya kasa jure a wulaƙanta matarsa ce. Akwai mazan da za su taya a yi dariyar su karɓi kuɗin aikinsu su tafi. Wannan ki yafe. Shirun kwana biyar shi ne babban laifi, don a nan ya zaɓi ya tsira daga fushinki ko da ke za ki faɗi. Cewa wasa ne kuma raini ne, ko da bai nufa ba. Waɗannan biyun ki nemi ya amsa su da bakinsa. Gidan waya ba ban haƙuri ba ne, alama ce dai ta mutumin da ya san ya yi ɓarna ya rasa ta inda zai fara. Ki buɗe masa ƙofar.

Amma kafin nan akwai surukarki. Ba ta hau tsani ba, ba ta san kurege ba, ziyara ta kawo aka zagi haihuwarta. A nan ba ki da gaskiya ko ƙanƙani. Ki daina kiran waya, ki taka da ƙafarki, ke kaɗai. Kada ki kai mata labarin gasa, kada ki ce amma. Ki ce kin yi kuskure, ki yi shiru ki saurari duk abin da za ta faɗa. Ba don yayarki ta ce ba, don hakkinta ne.

Bayan nan ki zaunar da mijinki lokacin da yarinya ba ta kusa. Ki faɗa masa abin da kika faɗa min game da ƙwallonsa, zai gane da sauri. Ki kuma faɗa masa tsoronki a kan maganganun gidanku, kai tsaye. Sannan ki tambayi kanki: a shekara shida, akwai sirrinki da kika taɓa tsinta a bakin wani? In babu, to kada ki yanke wa mutum hukuncin shekara shida da rana ɗaya. In akwai, wannan wata magana ce, ki sake rubuto min. Gidan yayarki kuwa kada ki je. Fitar fushi tana da sauƙi, dawowar ce ke buƙatar mutane, kuma mutanen duk sun riga sun ce ke ce mai laifi.

Ki kuma lura da Gobara. Ya riga ya ci, ba abin da ya tilasta masa ambaton mijinki. Ya yi ne don ya watsa ku, ku kuma kwana tara kuna taya shi.

Batun wasa, ni ban iya ba, amma ke kika ce makin ƙidayayyu ne. Duk wanda zai ƙara wa dabbarsa gudu don tsoron kuregenki, dole ya yanko daga ƙarfi ko juriya. Ke nan nan da mako uku za ki tarar da fili cike da dabbobi masu gudu marasa ƙwari. Matar da ta gano maki ɗaya a bayan ɓatattun takardu ba za ta rasa abin yi da wannan ba. Ki shiga gasar. Sabon tsarinki ki bar shi a cikinki, ki kuma gaya wa mijinki a fili cewa wannan karon ba zai ji ba, ya ɗauka a matsayin tararsa.

Gobe da safe ki fara da ƙofar surukarki, sauran za su zo da sauƙi. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya raya muku 'yarku.

Goggo