Na Kashe wa Ƙanena Gwiwa da Zancen Na'ura

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Abin da ke cina a rai ko matata ban iya gaya wa ba.

Ina da shagon ɗab'i, muna buga katin gayyata da kalanda da allunan talla. Da can mu huɗu ne muke zane a kwamfuta. Da ƙirƙirarriyar basirar nan ta shigo, aikin da kan ci mana yini sai ta gama shi kafin shayi ya huce, har biyu daga cikinmu suka kama gabansu. Tun daga nan na kamu da kallon masu bayani a waya, masu cewa rana na nan tafe da na'ura za ta fi ɗan Adam kaifin tunani, ta ƙera wadda ta fi ta, waccan ma ta ƙera wadda ta fi ta, har abin ya fi ƙarfin kowa. Wasu ma cewa suke saura 'yan shekaru. Na zama ba ni da hira sai wannan, har a gida suka sa mini suna Malamin Duba.

Ina da ƙane, autanmu, yana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Shi kaɗai ne ya taka jami'a a ɗakinmu. Ni ina gama sakandare mahaifinmu ya rasu, sai na shiga shago. Auta yana ganin girmana fiye da yadda na cancanta. Abin da na faɗa, a wurinsa ya zauna.

Rannan ya zo da zanen wani asibiti da ya yi makonni yana fama da shi, yana so in buga masa a babbar takarda. Ya shimfiɗa shi a teburi yana nuna mini ta inda iska za ta ratsa, da inda masu jinya za su zauna ba tare da sun tare hanya ba. Maimakon in yaba, sai na jawo kwamfuta na rubuta wa na'ura layi biyu. Nan take ta fito da hoton asibiti mai sheƙi, har da bishiyoyi. Na juya masa allon a gaban ma'aikatana ina dariya, na ce ya daina ƙona idonsa a banza, kafin ya karɓi takardar shaida ma an daina neman irinsa. Ya naɗe kayansa ya fita.

Sai daga baya na ji bai miƙa aikin ba, bai kuma zauna jarrabawar zangon ba. Mahaifiyarmu ba ta sani ba. Kullum da safe yakan rataya jaka ya gaishe ta, ta yi masa addu'a, sai ya zo shagona ya zauna a bayan injin yankan takarda yana kallon irin bidiyoyin da ni na koya masa kallo. Ya rame, ya daina wasa da 'ya'yana. Idan Umma ta tambaye ni, sai in ce karatu na tafiya. Ita kuwa har ta ɗinka kayan da za ta sa ranar yaye su.

Na yi ƙoƙarin lallashinsa ya koma makaranta. Ya dube ni cikin ladabi ya tambaye ni wai yaushe na yi masa ƙarya, da can ko yanzu. Ya kuma ce in da gaske na yarda da abin da na faɗa, me ya sa kullum nake tsare 'yata sai ta haddace jadawalin sau.

Anti, ga abin da ya fi damuna. Lokacin da yake nuna mini zanen nan, na ga abin da ni ban samu ba. Ina jin da gangan na yi don in rage masa tsawo. Amma kuma ba zan iya rantsewa cewa hasashen nan ƙarya ne ba, don na ga abin da ya faru a shagona. In na tura shi ya koma, abin ya tabbata fa? Kuma in gaya wa Umma ne, ga ta da hawan jini?

Yayan Auta

AMSA

Ɗana, ka yi laifi, ba zan shafa maka mai a baki ba. Amma laifin da ake iya gyarawa ne, in ka hanzarta.

Tsoronka ba na banza ba ne. Wanda ya ga kujeru biyu sun zama wayam a shagonsa yana da dalilin fargaba. Sai dai ranar nan da kake faɗa, masanan da ke ƙera na'urorin ma ba su daidaita a kanta ba. Wasu na ganin ta kusa, wasu na ganin da sauran tafiya, wasu na shakkar zuwanta. Kai ka ɗauki hasashe ka miƙa wa yaro kamar hukuncin da aka riga aka yanke. Hoton da ka nuna masa kuma hoto ne kawai, bai san ƙasar da za a haƙa ba, ba kuma shi zai amsa tambaya in bango ya tsage ba. Wataƙila gobe na'ura ta iya wannan ma, ban sani ba. Amma ko ta iya ko ba ta iya ba, wanda ya kammala karatunsa ya fi wanda ya watsar a bakin ƙofa madafa.

Amsar tambayarsa tana hannunka. Ka ce masa ba ka san gobe ba, tsoro ne ya yi magana da bakinka, da kuma kishi. Ka furta kalmar, kada ka kewaye ta. Girmanka ba zai zube ba. Tunda a gaban ma'aikata ka muzanta shi, su ma su ji ka janye maganar.

Kada kuma ka ɗauke masa nasa kason. Auta ba jariri ba ne, shi ya zaɓi ƙin shiga jarrabawa, kuma mai yiwuwa da ma akwai gajiya ko fargaba a ransa, maganarka ta zo ta same su. Ka tambaye shi, ka yi shiru ka saurara. In ramar da shirun suka ci gaba, ku ga likita, don damuwa ciwo ce.

A cikin makon nan ka raka shi wurin shugaban sashensu ku ji ko akwai damar maimaita zangon. Ku nemi mai zanen gine-gine da ke kan aiki ya gaya masa yadda suke amfani da na'urar a ofis, ya ji daga bakin da ba naka ba. Da kun san matsayar makaranta, shi da kansa zai gaya wa Umma, kana zaune kusa da shi kana faɗin naka laifin. Ku zaɓi lokacin da ta huta, ta sha maganinta. Jin labarin a bakin wani ne zai fi tayar mata da ciwo, don haka kada ku ja lokaci.

Kai kuma, ƙishin karatun da ke ranka bai mutu ba, ɓuya ya yi. Akwai azuzuwan yamma na manya. Ka rage kallon masu hasashe, ka je ka yi rajista.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba Umma lafiya, ya sa ku ga alherin zamanin da kuke tsoro.