Tambaya ta Bakwai a Fom ɗin Jan Biro

Litinin, 3 ga Maris

Takarda ta zagayo ofis yau. Iyalan marigayi Jan Biro sun kafa gidauniya don tunawa da shi. Duk shekara za su ɗauki nauyin manyan ma'aikata su tafi kwas ɗin shugabanci na wata tara. Mutum ɗaya ne zai nema daga kowace ma'aikata, kuma kada ya kasance ya cika shekara hamsin da biyar. Ni a Yuli zan cika. Wato bana ko babu.

Jan Biro shi ne babban sakatarenmu na da, shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Ka kai masa daftari fari tas, ya dawo maka da shi kamar an yanka kaza a kai. Bai iya yabo ba. Idan abu ya burge shi ƙwarai sai ya rubuta "Na gani" a ƙasa, shi ke nan. Sau ɗaya tak na samu. Allah ya jiƙansa.

Na zari fom ɗaya na cusa a jaka ina waige-waige. Mataimakiyar darakta guda, da furfurata.

Laraba, 5 ga Maris

Fayil ya sauko daga ofishin Yallabai Darakta. Na buɗe, sai ga irin fom ɗin, da rubutunsa a gefe: "Mataimakiya, a cike mini, a kawo daftari kafin Litinin."

Na daɗe ina kallon takardar. Ba sabon abu ba ne, a gidan nan aiki gangarowa yake yi har ya sami wanda ba shi da inda zai tura shi. Jawabinsa ni, rahotonsa ni, har ta'aziyyar surukinsa ni na rubuta. Amma wannan! Shi saura shekara uku yana da dama, ni saura wata huɗu.

Kuma a ƙasan fom ɗin akwai gurbin sa hannun darakta. Nawa ma sai da hannunsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Tambaya ta bakwai: "Ba da labarin ranar da ka ƙi bin umarnin na gaba da kai saboda ka ga ba daidai ba ne, da abin da ya biyo baya. A rubuta da hannu."

Na hau sama na ce, Yallabai, wannan sai kai, ban san abin da zan sa ba. Yana latsa waya ya ce, "Haba Mataimakiya, shekara nawa muna tare? Nemo wani abu, zan kwafe da hannuna." Har na kai ƙofa ya ƙwala mini kira. "Yauwa! Maganar ginin asibitin nan da aka ƙi sa wa hannu. Ai a sashenmu aka yi. Sa shi."

A sashenmu aka yi.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Ɗan kwangila ya gama ginin asibitin unguwa, na je na ga bango ya tsage har hannuna yana shiga. Shugaban sashe ya ce in sa hannu a takardar kammala aiki, na ƙi, na rubuta dalilina. Aka jefa ni ɗakin ajiye fayil shekara biyu, ni da ƙura da kyankyasai. Wanda ya sa hannun a madadina? Yallabai, lokacin teburinsa yana kusa da nawa. Sai da Jan Biro ya zo ya ci karo da takardata, ya rubuta "Na gani," ya fito da ni.

Na kalli fuskar Yallabai ko zan ga kunya. Wallahi babu. Ya manta ne da gaske. Wannan ya fi ƙona mini rai.

Na ce, "To, Yallabai."

Asabar, 8 ga Maris

Na rubuta masa. Shafi biyu, kuma ya yi kyau, abin haushin ke nan. Hannuna ya saba, ko zuciya ba ta so shi yana tafiya.

Baban yara ya tarar da ni a teburin cin abinci, ya ɗauka ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe. Ya ce, "Kai, wannan mutumin jarumi ne. Na taɓa auren wata mai irin halinsa, ko ina ta shiga?" Na ce masa Malam, ba na son wasa yau. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, ya fita ba shukokinsa ruwa.

Mai ritaya ba shi da abin da zai rasa, shi ya sa bakinsa ke da kaifi. Shi ne zai zauna da Yallabai ranar Litinin?

Lahadi, 9 ga Maris

Ciwon kai tun safe. Ban dafa komai ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na ce wa sakatariyar Yallabai daftari bai kammala ba. Ƙarya, yana cikin jakata tare da fom ɗina, sun kwana biyu suna gogar juna.

Na zauna na lissafa. Tun da na fito daga ɗakin fayil ban sake ce wa kowa a'a ba. Ko sau ɗaya. Kullum "to, Yallabai," har yaran gida suna kwaikwayona da shi. Ina ta alfahari da abin da wata mata ta yi shekara goma sha huɗu baya, alhali da za ta shigo ofishina yau ba za ta gaishe ni ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na saci jiki da rana na je ofishin gidauniyar, in tambaya ko ana karɓar mutum biyu daga ma'aikata ɗaya. Ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani, fanka tana ƙara, hoton Jan Biro a bango yana hararar duk wanda ya shigo. Direbobi uku a kan benci, kowa da ambulan ɗin maigidansa.

Matar marigayi ce da kanta a tebur, tsohuwa 'yar ƙarama, da birrukansa ja a cikin kofi a gabanta. Na gaishe ta na yi tambayata. Ta ce ɗaya ne, haka kwamiti ya tsara. Sai ta kafe ni da ido ta saman tabarau. "Baiwar Allah, kanki kika zo wa, ko ke ma aiko ki aka yi?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Aiko ni aka yi, Mama."

Ta ce, "Ayya," ta mai da kai kan takardunta. Ayyar nan har yanzu tana kunnena. Gara ta zage ni.

Alhamis, 13 ga Maris

Gobe ake rufewa. Sau uku Yallabai ya aiko.

Na ciro daftarin daga jaka, na mai da shi yadda ya faru, na kwafe da hannuna a fom ɗina. Ban ambaci sunan kowa ba. A kan fayil ɗinsa na rubuta: "Yallabai, labarin asibitin nawa ne, ba zan iya ba da aronsa ba. Ga fom ɗina yana jiran sa hannunka."

Ya kira ni. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Ya ce, "Ashe haka kike?" Na ce haka nake, Yallabai, na ɗan manta ne. Ya turo mini fom ɗin da yatsa ɗaya, babu sa hannu.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai da kaina. Matar marigayi ta duba gurbin sa hannun da ba komai a ciki, ta dube ni. "Kin san kwamiti ba zai duba ba?" Na ce na sani. Ta sake yi mini tambayar ranar nan. Na ce, "Kaina na zo wa." Ta ajiye shi a gefe, ba a kan tarin ba.

A matakala na yi kiciɓis da direban Yallabai da ambulan. Ko wa aka gangaro wa aikin, oho.

Litinin, 24 ga Maris

Takardar canjin wurin aiki. Ɗakin ajiye fayil, wai "don inganta tsarin adana bayanai." Ni na ƙirƙiro musu wannan jimlar shekarun baya, yau ga ta a kaina. Kujerata ta da tana nan, ƙafarta ɗaya har yanzu gajera ce.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Amsa ta zo. Suna baƙin cikin sanar da ni cewa fom ɗina bai cika sharaɗi ba. An ce Yallabai ma bai samu ba, wata daga ma'aikatar ruwa ce ta yi fice. Ban yi murna ba. To, kaɗan.

Shi ke nan, wata tara sun tafi, Yuli tana tafe. Na yi kuka a tsakanin kantocin fayil, ba na ɓoye wa kaina.

Da na zo jefar da ambulan ɗin na ji akwai wata takarda a ciki. Amsata ce ta tambaya ta bakwai suka dawo mini da ita. Na duba shafi na farko, babu gyara. Na biyu, babu gyara. Can ƙasa, da jan biro, rubutun tsohuwa mai ɗan rawa: "Na gani."

Baban yara ya karanta ya ce, "Sannu da dawowa." Na ce daga ina, ai yanzu na shigo daga aiki kamar kullum. Sai ya yi murmushi kawai, mai neman magana.

Gobe zan tafi da katako in tokare ƙafar kujerar nan. Da alama zan daɗe a kanta, kuma bayana bai yi ciwo ba kwana biyun nan, ban san dalili ba.