Na aika wasiƙar fushi, na ɓoye ta sulhu

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi, babba da yaro. Don Allah kada a buga sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin Keffi ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa har da kakansa. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin na san na cancanta, amma shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni dattijo ne, na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa a firamare kafin na ajiye aiki, har gobe Tica ake kirana. Ina da amini, zan kira shi Mamman. Tare aka yi mana kaciya, ni aka kai ni boko, shi ya bi babansa fataucin doya. Kullum bayan la'asar muna haɗuwa a bencin ƙofar kantin Baba Ojo, wani Bayarabe da ya tsufa a garin nan, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu. Mu biyar ne ko shida, hirarmu ba ta wuce ciwon gwiwa, tsadar kaya tun da kuɗin mai ya shigo, da raɗe-raɗin wai za a gina babban birnin ƙasa a dajin da ke kusa da mu. A wannan benci ni ne mai karanta wa kowa wasiƙa, ni ne kuma mai rubuta amsa. Mamman ya san ajami, amma yaran yanzu da boko suke rubutu, saboda haka duk sirrin gidansa ta hannuna yake bi.

Mamman yana da ɗa namiji guda ɗaya, Bala, shi ne kuma ɗan farinsa, uwarsa ta daɗe da rasuwa. Bayan an gama yaƙin basasa yaron ya tafi Fatakwal, ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin mai. Shekara shida ke nan ya aiko wata wasiƙa, direban mota ya kawo ta daidai muna zaune. Kuskurena na farko, maimakon in ja Mamman gefe, sai na gyara tabarau na karanta ta a gaban kowa, don ina son a ji daɗin karatuna. Ashe abin da ke ciki, Bala ya yi aure a can, 'yar can kudu ya aura, bai yi shawara da kowa ba. Yana ba babansa haƙuri, yana neman izini ya kawo ta gida in ya samu hutun Babbar Sallah.

Sai benci ya kaure. Baba Ojo ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi! Mamman, yau ka zama surukinmu, sai ka fara koyon cin teba." Wani ya ce jikokinsa da Turanci za su riƙa gaishe shi. Mamman ya murtuke fuska ya ce, "Tica, ɗauko alƙalami. Ka gaya wa wancan yaron, tunda ya yi gaban kansa, kada ya tako mini gida." Aka sa dariya, shi ma gefen bakinsa yana motsi. Jama'a, duk wanda ke wurin ya san ba har zuci ya faɗa ba. Ɗan fari ne fa. Mamman bai taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife shi, bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, kunya ce irin tamu. Ni kuwa na fi kowa sani, domin ni yake biyowa zaure a ɓoye ya ce in sake karanta masa wasiƙar yaron sau biyu, sau uku.

To me ya kai ni? Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da 'ya, Hajara, kuma na daɗe da ƙulla wa raina cewa Bala ne mijinta. Ban taɓa furtawa ba, ba a yi mini alkawari ba, yarinyar ma ba ta sani ba. Amma da na karanta wasiƙar nan sai na ji kamar an mare ni a kasuwa. Na rubuta abin da Mamman ya ce, sannan na ƙara nawa. Na rubuta cewa kada ya sake aiko da takarda, ko ya aiko ba za a karanta ba. Na rubuta cewa ya ɗauka ba shi da uba a Keffi. Wallahi Mamman bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, daga cikina suka fito. Da gari ya waye ko koko ban tsaya sha ba, na nufi gidan waya na jefa ta.

Kafin azahar sai ga Mamman a zaurena, yana ta waige-waige kamar wanda ya zo satar kaza. Ya ce, "Tica, takardar jiya fa?" Na ce, "Tana nan." Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya ce, "Yaga ta, maganar benci ce. Rubuta wata." Ya zauna ya sunkuyar da kai yana faɗa ina rubutawa. "Ka ce masa ya zo da ita. Ka ce ɗakin uwarsa yana nan, zan sa a gyara. Ka tambaye shi me take ci, don kada 'yar mutane ta zo ta sha wuya a hannunmu." Da na gama ya karɓi alƙalami ya sa sunansa da ajami a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in kai gidan waya da kaina, ba ya son kowa ya ji.

Ban kai ba. Da farko na ce bari in bar kwana biyu, kada su isa tare. Sai kuma tunani ya zo mini, in Bala ya iso da takardu biyu a aljihu, ya karanta wa babansa ta farkon, ina zan sa fuskata? Ni Tica, da ake damƙa wa amanar gari? Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Takardar tana nan cikin akwatin ƙarfena har yanzu da nake wannan rubutu.

Sallah ta matso, Mamman ya sa aka yi wa ɗakin yaɓe da farar ƙasa, ya sayi katifa sabuwa fil. Ya bi ta bayan kanti ya tambayi matar Baba Ojo irin cimar mutanen kudu, ya tanadi manja da garin rogo. Kwana uku a jere yana zuwa tasha, wai ya je duba motar doya daga Gitata, alhali duk mun san ba ya da kaya a hanya. Aka yi Sallah aka gama, babu Bala, babu amsa. Ina ganinsa yana ramewa, ina da maganin a akwati, na yi shiru. Wane irin mutum ne ni?

Tun daga nan duk shekara Bala yakan aiko direba da shadda da sabulu da sukari, babu ko layi ɗaya na rubutu, sai dai direban ya ce, "Ya ce a gaishe ka." Mamman ba ya ko buɗewa. Yakan ce, "Na zubar da girmana na kira shi, shi ne ya mayar da ni wanda ake aika wa sadaka." Baba Ojo ya sha ce masa, "Haba Mamman, a sake rubutawa mana, ƙila takarda ta ɓata a hanya." Sai ya ce, "Ni na haife shi, sau nawa zan kira shi? Tica da ƙafarsa ya kai ta." Ni kuma ina zaune a gefensa ina gyaɗa kai, har da cewa yaran zamani sai addu'a. Hajara kuwa ta daɗe da aure a Jos, tana zaune lafiya da 'ya'yanta. To me na ci a ciki? Me na samu?

Sallar nan da ta wuce ita ta tayar mini da komai. Yarana duk sun zo hutu da iyalansu, daga Kaduna da Jos, gida ya cika har ba wurin taka ƙafa. Mamman a gidana yake yin Sallah tun shekarar da abin ya faru. Ya zo da rake da alewa, ya ɗauki ƙaramar jikata yana tsokanarta wai ita ce amaryarsa, tana jan gemunsa yana dariya. Can sai ya dube ni ya ce, "Tica, kai kam ka dace."

Washegari babban ɗana Sani ya ce yana son magana da ni, muka koma bayan gida inda ake shanya fata. Ya ce aiki ya kai shi Fatakwal kwanan baya, ya nemi Bala har ya same shi. Ya ce 'ya'yan Bala uku, na farkon sunan Mamman aka sa masa, Abba suke kiransa. Matar ta koyi Hausa, har tuwo take tuƙawa, wai don ranar da za a ce su zo. Duk Babbar Sallah Bala yakan ɗauki hutu, ya yi ɗinki, sannan ya zauna a ɗaki har hutun ya ƙare. Abin da ya fara tambayar Sani shi ne, "Baba ya huce?" Sani ya ce masa ya shirya kawai ya taho, sai Bala ya ɗauko takardar ya nuna masa, ya ce, "Ubana ya ce kada in zo, kada in rubuto. Na saɓa masa sau ɗaya, in sake saɓa masa?"

Sani ya dube ni ya ce, "Baba, na ga takardar, hannunka ne. Da gaske Baba Mamman ya faɗi duk wannan?" Ga dama Allah ya kawo mini har gida. Kun san me na ce? Na ce, "Abin da aka faɗa mini na rubuta." Ya ce to bari ya je ya roƙi Baba Mamman da kansa. Na daka masa tsawa na ce maganar manya ce, ba ruwansa. Yaron ya ba ni haƙuri, ni da ya kamata in durƙusa. Hutu ya ƙare suka koma, gida ya yi tsit, ni kuma abinci ya daina shiga.

Makon jiya Mamman bai fito benci ba. Muka je duba shi da Baba Ojo, muka tarar ƙafafunsa sun kumbura, numfashi da ƙyar. Da Baba Ojo ya fita sai ya riƙe bakin rigata ya ce, "Tica, jikin nan ba na tashi ba ne. Ka zo da takarda, zan gaya wa yaron nan magana ta ƙarshe. Ka rubuta masa ban yafe ba, duniya da lahira." Na ce, "Subhanallahi! Haba Mamman, ɗanka ne fa." Ya ce, "Kai ne shaidata. Ba a gabanka na ce ya zo da ita ba? Ba kai ka kai takardar ba?" Na ce, "Ni na kai." Mutum yana kwance yana jiran mutuwa, na dubi idonsa na sake yi masa ƙarya. Sannan na ƙara da wata, na ce tabarauna ya fashe na aika Jos a gyara, sai nan da mako biyu. Ya ce ba komai, zai jira ni, ba ya son wani ya ji sirrinsa in ba ni ba.

Yanzu kaina ya kulle. In na je na faɗa masa gaskiya, ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, in kuma ta ɗauka, bakin da zai yi wa Bala ni zai yi wa, zumuncin shekara sittin ya tafi ke nan, kuma ban san yadda zan sake zama a bencin nan ba. In na aika takardar sulhun da ke akwatina a ɓoye, Bala zai zo da ta farkon, asirina ya tonu a gaban 'ya'yana. Na yi tunanin in zauna in yi kamar ina rubuta abin da yake faɗa, alhali kiran Bala nake yi, amma ai wata ƙaryar ce a kan ƙarya, kuma Mamman zai ci gaba da ɗaukar ɗansa mai laifi. Ko na rubuta yau, kwana nawa takarda za ta yi kafin ta isa Fatakwal, kuma kwana nawa suka rage wa Mamman? Ban sani ba.

Na san abin da ya dace, ba wai ban sani ba. Sau uku ina sa takardar a aljihu, ina isa ƙofar gidansa sai in shiga in yi masa sannu kawai in fito. In na ci gaba da haka, aminina zai mutu da fushin yaron da bai yi masa komai ba sai biyayya, yara uku kuma ba za su taɓa ganin kakansu ba. Malamai da dattawa da ke karanta wannan shafi, ta ina zan fara, uban ko ɗan? Da wane baki zan faɗa? Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?