Sunanki a Ƙasan Gyaran

Auta,

An dawo mini da gyaran da na aika wa manhajar nan da jama'a ke ginawa kyauta. Amma gaisuwa tukuna: yaya ƙafar Inna, yaya Baba da shago?

Mai dubawa ya ce aikin ba shi da aibi, layi ɗaya ne ya rage. A al'adarsu, ƙasan bayanin kowane gyara ana rubuta wanda ya gano matsalar, da wanda ya gwada, sannan marubuci ya sa hannu. Ke kika fara gaya mini manhajar tana tsayawa cak idan kin cire cajin kwamfutarki, kuma ba a sa sunan mutum sai da izininsa. Ki turo mini amincewarki da adireshin imel. Tsohuwar kwamfutar da kike zagi za ta sa ki a tarihi.

Ina lafiya. Tagar ɗakina ba ta rufuwa sosai, amma tarin ya yi sauƙi. Kada Inna ta ji. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Shugabana ya ce idan gyaran ya shiga, za su tsawaita mini aiki. Bai rubuta ba tukuna.

Yayanki