Ƙofar da na sa aka tumɓuke

Anti Bilkisu, ki taimaka mini, bakina ya jawo wa 'yata asara.

Ni kafinta ne a Ƙofar Wambai. Bokona aji huɗu ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. 'Yata Maimuna tana karatun kwamfuta a Yelwa, tana kuma cikin masu aikin sa kai da ke gina wata manhajar asibiti ta kyauta, wadda kowa ke iya gani ya gyara. Rumbun bayananta yana da sharaɗi: ba a rubuta mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. To, a unguwarmu rabin dattawa a takarda ɗaya ga Janairu aka haife su, mai suna Ya'u kuwa ko'ina ka juya ga shi. Rumbun ya ƙi karɓarsu.

Ta ce ko dai ta dakatar da sharaɗin, ko ta goge shi. Ni gwanin sani na ce ƙofar da ke cijewa tumɓuke ta ake yi. Wasa nake, wallahi! Ta goge. Aka riƙa rubuta majinyaci ɗaya sau biyu, har wata tsohuwa ta kusa shan maganin da jikinta ba ya so, don gargaɗin yana a rubutunta na farko, na biyun babu. Abokan aikin suka karɓe mata izinin taɓa manhajar. Yanzu ba ta buɗe kwamfutar, barkwancina ma ba ya sa ta murmushi. Ina ganin shi ke nan.

Kafinta Mai Dogon Baki

Malam Kafinta, Allah ya tsare gaba. Dakatarwa tana barin sharaɗin a wurinsa, a kunna shi daga baya. Gogewa kuwa sai an tuna an sake rubutawa. Amma dakatarwar ma tana barin shirme ya shiga, wasu rumbunan ma ba su da ita. Kuskurenta shi ne barin wurin babu komai, ba ta kuma sanar da kowa ba. Duk da haka ta gano gaskiya: wannan sharaɗin bai san mutanenmu ba.

Ta rubuta wa abokan aikin a fili, ta amsa laifi, ta ba da shawarar sharaɗi a kan lambar katin asibiti, ta nemi taya su haɗe sunayen da aka maimaita. Ba zan yi maka alkawarin za su mayar da ita ba. Kai kuma ajiye barkwanci, ka zauna kusa da ita ranar da za ta rubuta. Allah ya sanyaya mata zuciya.