Hoto Na Biyar

Haɗeja, Yuli 1971

Zuwa ga aminina Habila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Baba Iliya da Mama Esta. Yaya sanyin Jos? Na san har ka manta da sauron Haɗeja, maci amana kawai!

Ni dai ina cikin tsaka mai wuya. Malam Dauda, shugaban makarantarmu, ya ce gwamnati ba ta ba da sukolashif sai ga wanda wata kwaleji ta ɗauka, don haka in nemi aƙalla huɗu. In babu wannan tallafin karatuna ya ƙare, sai kamun kifi irin na kakanni. Amma kakata Iya ta kafe a kan ɗaya. Ka tuna al'adar gidanmu, duk mai tafiya sai ya je bakin kogi ya faɗi garin da za shi. Wai in na ambaci gari huɗu kogi ba zai san inda zan nufa ba, shi kuwa ba ya sakin namu haka nan. Na yi dariya, ranar ta ƙi cin tuwo.

Ka ba ni shawara, don wallahi kaina ya kulle.

Naka,
Umara

Haɗeja, Agusta 1971

Habila,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Mama? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na bi maganarka, na nemi huɗun: Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Kowace tana son hoto. Kolo mai hoto sau ɗaya ya ɗauke ni, a gaban farin zane, yana wanke mini ɗaya-ɗaya in na tashi aikawa. Na farko ya fito tas. A na biyu ƙasan zanen ya yi duhu kamar ya jiƙe. A na uku ruwa ne sosai, har ƙirjina, ga ciyawar fadama tana yawo a kai. Kolo ya rantse fim ɗaya ne, maganin wanki ɗaya. Na huɗu kuwa da kai sunkuye ya miƙo mini shi. Ruwan ya kai haɓata.

Na aika da shi haka nan, na ce tabo ne. Kada ka yi mini dariya, Habila, tsoro nake ji. Ko buta na ɗauka sai gabana ya faɗi.

Ka ce in ƙara da kwalejinku ta Jos mu zauna tare. Iya ta riƙe hannuna tana roƙona in bari. To amma in huɗun duk suka ƙi ni fa? Na ce Kolo ya wanke na biyar.

Naka,
Umara

Haɗeja, Satumba 1971

Habila ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina gaida su Baba. Ina fatan kowa lafiya.

Ambaliya ta raba unguwarmu da gari, sai na hau goran masunta don in haye in karɓo hoton. A tsakiya goran ya juye da ni. Ban san yadda aka yi ba, na dai gan ni a tsaye a gaɓa, lafiya lau, ko sanyi ba na ji.

A shagon Kolo na yi sallama har na gaji, bai ɗago ba. Hoton yana kife a kan tebur, na ɗauka ban duba ba. Da na koma gida na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maza sun cika, har Malam Dauda yana share ido. Ana cewa Zariya ta ɗauke ni. To kukan na mene ne? Na shiga wurin Iya in yi mata albishir, na durƙusa a gabanta. Ta kalli ruwan da ya taru inda nake, ta janye ƙafarta.

Ga hoton nan, ka kai mini ofishin kwalejinku. In ka ga takardar a jiƙe ka yi haƙuri, hannuna ne ya ƙi bushewa. Amma don Allah ka fara dubawa, ka rubuto ka gaya mini ko ina ciki.

Naka har kullum,
Umara